Awa ɗaya a waje duk ranar Alhamis: me zan yi da 'yan aji uku?

Malama_Yelwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyarwa a wata firamare a nan Bauchi, aji uku nake riƙe da shi, yara sun haura sittin. Hedimasta ya ware mana awa ɗaya duk ranar Alhamis bayan an dawo daga tara, ya ce kowane malami ya fitar da yaransa waje. Fitarwar ba ita ce matsala ba. Ƙwallo ɗaya ce a makarantar kaf, maza su wafce ta, mata su zauna gindin darbejiya suna kallo, sauran lokacin ya ƙare a rabon faɗa. Kuɗin sayen kayan wasa babu, don haka kada ma a kawo mini zancen lilo. Ina neman wasannin da 'yan shekara 8 zuwa 10 za su yi a fili ba tare da an kashe ko sisi ba, in da hali kuma abin da zai sa su san itatuwa da tsuntsayen da ke kewaye da su. Iyaye da malamai, a taimaka.

Dan_Wunti:
Wa'alaikumus salam Malama. Langa. Na gama magana.

Abu_Safwan:
Dan_Wunti ya faɗi gaskiya amma bai ba ki yadda za ki yi ba. Ki raba mazan gida biyu. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare ya fitar da mutum ɗaya a matsayin ruwa, aikinsa shi ne ya ratsa ya kai wurin da aka shata a bayan abokan karawa. 'Yan ɓangarensa su tare masa, waɗancan su nemi kayar da shi. Duk wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. In aka ka da ruwa an cinye wasan, sai a sake. Abin da kike bukata kawai tsinken da za ki ja layi a ƙasa. Kuma kada wani ya raina ta, langa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa, tare da kokawa da dambe.

Goggon_Misau:
Kun fara ke nan. An ce mata suna zaune gindin bishiya, ku kuma kun tashi da langa. Malama, ki zana musu 'yar gala-gala, tsingaro kawai ake nema, ko marfin kwalba. Ki zana uku ko huɗu a jere don kada layi ya yi tsawo, domin jiran layi shi ke kawo faɗa. Ga tsallen igiya, igiyar ɗaure akuya ma ta isa. Ga gaɗa, wadda ke ɗaukar yara ashirin a lokaci ɗaya, kowacce ta faɗa a cafe ta. Ga carafke.

Coach_Sani:
Carafke ai zama ne, Goggo. Yaran da suka yi awa uku a kan benci ba zama suke nema ba.

Goggon_Misau:
@Coach_Sani ɗana, ka taɓa yin ta? Ka jefa dutse sama, ka kwashe uku a ƙasa, ka cafe na saman kafin ya sauko, sannan ka dawo mu yi magana. Ido da hannu da ƙidaya duk suna aiki. Ban ce a yi ta awa guda ba, in sun gaji da tsalle su zauna su yi.

Baban_Ilham:
Ni dai ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Kuɗin makaranta muke biya don a koya wa yara karatu. Yaron aji uku da bai iya haɗa baƙi ba, awa ɗaya ɗin nan da an ba shi ta a kan karatu da ta fi masa amfani. Wasa ai suna yi a gida. Ga yunifom da zai dawo a yage, ga gwiwa a ƙuje, ga zafin da ke tafe, watan Maris da Afrilu a garin nan rana kan kai digiri 40. Wa zai ɗauki nauyi in yaro ya faɗi?

Nas_Hadiza:
Baban Ilham, "suna yi a gida" ɗin nan ne nake so mu duba. A wane gida? Yaro ya fita ƙarfe bakwai, ya dawo ƙarfe ɗaya ko biyu, ya ci abinci ya wuce Islamiyya har shida, bayan magariba wasu ga makarantar dare. Ɗan abin da ya rage waya ce ko talabijin, don mu iyaye ba ma barin su fita layi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kullum na motsa jikin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. Kullum fa, Malama kuma sau ɗaya a mako aka ba ta. Akwai kuma maganar ido. Yaran da ke wuni a ɗaki sun fi kamuwa da matsalar rashin hangen nesa, shi ya sa ƙasar Taiwan tun 2010 ta umarci makarantunta su riƙa fitar da yara waje har minti 120 a rana. Zancen zafi kuwa na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Malama, ki roƙi hedimasta in zafi ya shigo a mayar da awar farkon safiya, kuma kowa ya sha ruwa kafin a fita.

Baban_Ilham:
Taiwan daban, Bauchi daban, Anti. Su suna da asibiti a bakin kowace makaranta.

Dan_Wunti:
Baban Ilham kai da ka yi gare-gare da tsohuwar taya daga Wunti har kasuwar Muda Lawal ba takalmi, yau kai ne mai tsoron ƙujewar gwiwa?

Baban_Ilham:
A lokacin babu Keke Napep da 'yan acaɓa kamar yanzu, malam.

Tsohon_Malamin_Gona:
Assalamu alaikum. Na ga kowa ya kama rabin tambayar ya bar rabi. Malama ta ce tana so yara su san itatuwa, bari in tsaya a nan, don shi na yi wa aiki har na yi ritaya.

'Yata, ki fara da gwaji. Ki tsinko ganyen tsamiya, na kuka, na magarya, na darbejiya, na mangwaro, ki shimfiɗa a ƙasa ki ce su faɗi sunayensu. Za ki sha mamaki. Jikokina suna shan kunun tsamiya, suna cin miyar kuka, suna tsotsar ɗorawa in an kawo daga ƙauye, amma da na kai su gona ba wanda ya iya nuna mini uwar ko ɗaya. A wurinsu kuka gari ne da ake aunowa a kasuwa.

Bayan gwajin, ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ki ba shi bishiya ɗaya a cikin makaranta ko bakin katanga, ta zama tasu har ƙarshen shekara. Duk Alhamis minti goma na farko su je su gaishe ta. Su auna kaurinta da igiya. Su ɗora takarda a jikin ɓawon su goga fensir, zanen ɓawon zai fito. Su duba ko ta zubar da ganye, ko ta yi fure, wane tsuntsu ke sauka a kanta, wace tururuwa ke hawa. Su rubuta a bayan littafinsu, ko layi biyu ne. Baban Ilham, ka ga karatun da kake nema ya shigo, ga rubutu ga awo.

In akwai gawo kusa da ku, kin tsinci dami a kala. Yawancin itatuwa suna yin ganye da damina su zubar da rani, shi gawo sai ya juya: da damina yana tsaye fayau kamar busasshe, da rani ya yi kore shar. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma awaki su ci a lokacin da ciyawa ta ƙare. Kada ki gaya musu wannan. Ki bar su su gano da kansu cewa bishiyarsu ta bambanta da ta sauran, su zo suna tambayarki dalili.

Ummu_Khalifa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ni kaina ban san haka gawo yake ba, kuma a Azare na girma.

Nas_Hadiza:
Baba ya kawo shawara mai kyau, amma a haɗa da gargaɗi. Doka ta farko, ba a sa komai a baki sai an nuna wa Malama. Bini-da-zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa suna da ɗanɗano kamar gyaɗa, yara na ci, sai amai da gudawa, wani lokaci yara da yawa a tare. Zaƙami ya fi shi haɗari, yana juya hankali. Tumfafiya kuma yara na son fasa ƙwallonta, farin ruwan nan nata in ya shiga ido yana yi masa illa. Ki nuna musu ukun nan tun ranar farko su san su da ido.

Malam_Lissafi_Darazo:
Ga wanda nake yi da nawa yaran. A kafa sanda miƙaƙƙiya a tsakiyar fili, a riƙa sa dutse a ƙarshen inuwarta da safe, da tara, da lokacin tashi. Su auna da taku ko da rula. Za su ga inuwa na gajarcewa har tsakar rana sannan ta fara tsawo ta ɗaya gefen. Daga nan sai ki haɗa musu da abin da ake koya musu a Islamiyya, cewa azahar na shiga in rana ta karkata, la'asar kuma in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar tsakar rana. Kakanninmu da haka suke sanin lokaci. Abin da ya fi burge yara: a nan yankinmu, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, rana na bi ta tsakar ka sosai, inuwar sandar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Bayan Afrilu inuwar tsakar rana ta koma kudu, alhali yanzu arewa take fuskanta. In damina ta sauka kuma ki yanke kan robar ruwa mai miƙaƙƙen jiki ki ajiye a fili, kullum a auna ruwan da ya taru da rula. Bauchi kan samu kusan milimita 1,000 a shekara, Agusta ne kan gaba, sai dai kash lokacin ana hutu.

Coach_Sani:
Duk wannan yana da kyau, amma kun mayar da awar wasa ta zama wani ajin. Yara za su gane dabarar, su tsane ta. A bar su su yi gudu su yi ihu. Ni shawarata, kashi biyu cikin uku wasa zalla, sauran a yi na Baba.

Jikan_Sarkin_Baka:
Akwai wasan da ya haɗa biyun ai, jini-jini. Su yi da'ira, ki riƙa kiran sunaye da sauri. In abu mai jini ne su amsa, in marar jini ne su yi shiru. Akuya, bushiya, hawainiya, kurege, sai ki jefa dutse ko turmi. Mu a da wanda ya kuskure duka yake sha, ke sai ki ce ya zagaya fili a guje. Kina iya juya shi: masu tashi da marasa tashi, masu ƙwai da masu haihuwa. Ki jefa musu jemage ki ga gardama.

Bature_Kaltungo:
Gaisuwa daga Gombe. Ina bin zancen tun farko, kuma abu ɗaya ne ya sa na sa baki. Masu cewa a kai yara su duba ƙwari da tsirrai, don Allah a hana su ɗaga duwatsu da hannu, da zura hannu a rami ko a suri. Mu a ƙasar Kaltungo da Billiri mun san kububuwa. 'Yar ƙarama ce, kalarta kalar ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin dutse da tarin kara, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta wurin cizon. Asibitin masu saran maciji da ke garinmu har daga Bauchi da Taraba da Adamawa ake kawo masa mutane, kuma an fi cika shi a farkon damina da lokacin girbi. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya. A hana yaron tafiya, a ɗauke shi, a nufi asibiti. Kunama ma a irin wuraren take. Takalmi a ƙafa, sanda a hannu.

Baban_Ilham:
To kun ji. Ni da na yi magana aka ce tsoro ne.

Bature_Kaltungo:
A'a Baban Ilham, ban ce a kulle su a aji ba. 'Ya'yanmu da suka san inda maciji ke kwanciya sun fi tsira a kan baƙon da bai sani ba. Cewa na yi a koya musu.

Hajiya_Fadaman_Mada:
Ni ina ganin ku haɗa kuɗi da iyaye a kai su Yankari sau ɗaya, gani ya kori ji. Abin kunya ne yaro ya tashi a Bauchi bai taɓa zuwa ba, alhali daga Legas ake tahowa. Su ga giwa, su ga raƙumin dawa, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Kuma yanzu ne lokacinsa.

Direban_Alkaleri:
Hajiya, gyara kaɗan. Raƙumin dawa da jakin dawa a gandun dajin Sumu suke, can ƙaramar hukumar Ganjuwa ta wajen Kafin Madaki, waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006. A Yankari abin da za su gani shi ne gwaggon biri da gadu tun daga sansani, in an shiga daji kuma gwanki, gwambaza, mazo, ɓauna, dorina a kogin Gaji. Giwa sai an yi sa'a, dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba a ɗaure take tana jiran baƙi ba. Kada a yi wa yara alkawarin giwa. Kin yi daidai a kan lokaci, da rani ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa bakin kogi. Daga Bauchi ta hanyar Gombe ake bi, a karya a Dindima, kuma ko an isa ƙofar Mainamaji akwai sauran tafiya mai tsawo kafin Wikki, don haka a yi sammako. Ruwan Wikki ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, garau kana ganin yashin ƙasa, amma akwai gefen da ya fi ƙarfin ɗan aji uku. Abinci kuma a bar shi a mota a rufe gilashi, birran nan ba sa jin kunyar fizge leda a hannun yaro.

Tsohon_Malamin_Gona:
Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. Wuri ne da ya kamata kowane yaro ya gani. Amma Hajiya, yaron da bai san belbela da ke bin shanu a bayan gidansu ba, in ka kai shi Yankari hoto kawai zai ɗauka ya dawo. A fara da na ƙofar gida.

Ummu_Khalifa:
Kuma a tuna Malama ta ce ba ko sisi. Motar da za ta ɗauki yara sittin zuwa Alkaleri a tsadar man nan, iyaye nawa za su iya? Rabin ajin za a bari a gida suna kuka. Ni kuma gaskiya a halin da ake ciki, tafiya da 'ya'yan mutane cikin daji sai an yi shawara da hukuma tukuna.

Dan_Wunti:
Mu namu Yankarin kududdufin bayan unguwa ne. Mu kamo talibambam a gwangwani mu ajiye har ya fitar da ƙafa. Mu harbo kurciya da danƙo mu gasa.

Nas_Hadiza:
@Dan_Wunti kuma nawa ne a cikinku suka yi fitsarin jini? Tsargiya a irin ruwan nan ake ɗaukarta, ƙwayar cutar na fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta huda fata. Har yanzu akwai masu ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali cuta ce mai magani. Ban da nutsewa, duk damina sai an ji labari, musamman ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Talibambam ɗin dai babba ya ɗebo a kawo aji a roba, su kalli yadda yake zama kwaɗo, a mayar da shi.

Jikan_Sarkin_Baka:
Danƙo kam kada a hana, a canja masa abin hari. A jera gwangwanaye a kan katanga. Ni jikan maharbi ne amma ina faɗa, tsuntsaye sun ragu. Yaushe rabon da ku ga ungulu a mahauta? Da muna yara ba a iya ƙirga su. In ana so yara su san tsuntsu, a ba su aikin jiran shamuwa. Tana isowa gab da saukar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, in damina ta ƙare ta nufi gabashi da kudancin Afirka. A rubuta a allo: wa zai fara ganin shamuwa bana? A sa kwanan watan, a ƙirga kwana nawa tsakaninta da ruwan farko.

Coach_Sani:
Danƙo a hannun yara sittin? Sai dai Malama ta sayi tabarau sittin.

Injiniya_Tumfure:
Duk muna ta ba da shawara kamar filin yana nan. Ita Malama ta yi sa'a tana da shi. Makarantu nawa ne yanzu a Gombe da Bauchi gidan haya ne mai ɗaki huɗu aka kafa wa allo? Tsakar gidan siminti, ko wurin yin asambuli babu. Na gwamnati masu fili kuma, wasu an yanka gefe an jera shaguna. Filin da muka yi ƙwallo a unguwarmu yau gidaje ne, dandalin da 'yan mata ke gaɗa da farin wata ya zama wurin ajiye motoci. Ba waya ce ta kashe wasannin nan ba, mu muka sayar da inda ake yinsu, wayar ta zo ta tarar da yara a ɗaki. Mu nan Gombe ga kwarin zaizayar ƙasa ma yana cin abin da ya rage. Da aka fara shirin dashen itatuwa na jihar Gombe, wato Gombe Goes Green (3G), a 2019 na so a ce kowane ɗan firamare an ba shi dashe ɗaya da sunansa, domin wanda aka dasa ba mai shi akuya ke cinyewa.

Hajiya_Fadaman_Mada:
Injiniya, ku ne fa masu zana shagunan.

Injiniya_Tumfure:
Hajiya ni na ruwa ne, a tambayi 'yan safiyo.

Malama_Yelwa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Jiya Alhamis na gwada. Ganyen da Baba ya ce na kawo, mangwaro da darbejiya kowa ya sani, tsamiya 'yan kaɗan, magarya kuwa yarinya ɗaya ce tak ta gane, wadda ba ta daɗe da zuwa daga wajen Ningi ba. Yarinyar da ba ta magana a aji, jiya ita ce malama, har ta nuna mana wata aduwa a bayan ban-ɗaki da ban taɓa lura da ita ba. Gala-gala ta karɓu, har maza suka shiga. Jini-jini ma haka, kuma @Jikan_Sarkin_Baka jemage ya kusa haɗa dambe. Langa ce ta ba ni wahala: manyan suka riƙa bangaje ƙanana, ɗaya ya fasa leɓe, yau da safe mahaifiyarsa ta zo. Ga kuma abin da ban ambata ba da farko. Ina da yaro mai lalurar ƙafa, da sanda yake tafiya. Duk wasannin nan na tsalle ne, jiya yana gefe yana riƙe wa mutane takalma. Abin ya tsaya mini a rai.

Baban_Ilham:
Allah ya ba yaron lafiya. Ban ce komai ba.

Abu_Safwan:
Malama, a langa a haɗa su tsara-tsara, ba aji ɗaya ke nufin ƙarfi ɗaya ba, a aji uku akwai ɗan shekara 8 akwai ɗan 12. Shida-shida ya isa, a kan yashi, kuma da kafaɗa ake ture mutum, ban da hannu da gwiwar hannu. Sauran su yi ɗan akuyana kafin layi ya zo kansu.

Malam_Lissafi_Darazo:
Yaron nan ki koya masa dara. Rami talatin a ƙasa, biyar sau shida, kowane ɓangare 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya tsakuwa ɗaya tsinke. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. In ya ƙware shi zai riƙa koya wa sauran. Sandar inuwa ma a damƙa masa, shi ne mai rubuta awo.

Goggon_Misau:
Dara tana da kyau, amma kada a ware shi gefe da sunan an ba shi aiki, yaro ya san bambanci. Ɗan ƙanwata haka yake, kuma shi ne gola a layinsu, a zaune yake tare ƙwallo, ba mai iya cinsa ta ƙasa. Ki tambaye shi abin da yake so ya yi. A jifan gwangwani da ƙwallon tsumma ma ƙila ya fi kowa, masu tafiya da sanda hannunsu da ƙarfi.

Nas_Hadiza:
Goggo ta riga ni. Sannan Malama ki ajiye ruwa mai tsabta da sabulu da auduga kusa, fashewar leɓe da ƙujewa ba za a rasa ba. Ki kuma bincika ko akwai mai sikila ko asma a ajin, su ba a hana su wasa, amma ba a matsa musu, kuma mai sikila ya riƙa shan ruwa sosai.

Tsohon_Malamin_Gona:
Yarinyar Ningin nan ki riƙe ta da kyau, 'yata. Ki ce ta tambayo iyayenta sunayen itatuwa goma da amfaninsu. Aduwar kuma ki ba rukuninta. In kina son iri, ina da ƙwallon kuka da na tsamiya, sai a jiƙa su a ruwan zafi su kwana kafin a shuka, in ba haka ba ɓawon ba ya barin su tsiro da wuri. A ledar fiya wata za a rene su, a dasa in ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli.

Injiniya_Tumfure:
Baba, makarantar tana da katanga kuwa? In babu, a tanadi ƙaya ko tsohon kwando tun yanzu.

Malama_Yelwa:
Katanga akwai, ƙofa ce babu, awakin unguwa ma a nan suke wuni. Baba zan turo a karɓa in sha Allah. Mahaifiyar yaron da ya fasa leɓe ta ce kada ya ƙara yin langa, shi kuma tun da safe yake bina yana tambaya ko shi ne ruwa mako mai zuwa. Me zan ce masa?

Coach_Sani:
Ki ce ya je ya shawo kan babarsa.

Ummu_Khalifa:
A'a, ke za ki je Malama, ki same ta a gida ki yi mata bayani. Ko ki gayyace ta ranar Alhamis ta zo ta gani da idonta. Baban Ilham ma a gayyace shi.

Baban_Ilham:
In ranar shamuwa ce ku kira ni. Langa kam a'a.